Takarda mai ɗaukar lantarki daga kara da tsatsa

Masana kimiyya a ƙasashe da dama sun shafe fiye da shekaru 30 suna gwajin haɗa zaren tsirrai da sinadaran tsatsar ƙarfe, domin samar da wani abu mai kama da takarda wanda wutar lantarki za ta iya bi ta cikinsa, maganaɗisu kuma ya ja shi.

Burinsu shi ne a samu kayan haɗa batura da na'urori da matatun ruwa masu araha, waɗanda idan sun gama aiki za su ruɓe ko a ƙone su, maimakon su taru a juji.

Kayan da ake buƙata domin wannan aiki ba baƙi ba ne a garin Wudil, mai tazarar kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri. Akwai karan dawa da na masara a gonaki, da buntun shinkafa a injinan casa, da ciyawar kachala da ta addabi al'ummomin da ke ƙasan kogin da ya ratsa garin. A ƙarƙashin ƙafa kuwa akwai jar ƙasa da marmara, waɗanda tsatsar ƙarfe ce ta ba su launinsu.

To sai dai tsakanin samun kayan da kuma cin moriyarsu akwai tafiya mai nisa, kuma kimiyyar kanta ba ta kai sauƙin yadda ake yawan bayyana ta ba.

Zaren da ke riƙe da tsiro

Selulos shi ne sinadarin da ke ba tsirrai ƙarfin tsayuwa. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Anselme Payen, shi ne ya fara tace shi daga itace a shekarar 1838.

Ƙwayoyin sukari ne da suka sarƙe da juna suka zama dogon zare, zaren kuma ya murɗe da 'yan'uwansa kamar igiya. Kimanin kashi 90 cikin 100 na auduga selulos ne. A itace yakan kai kashi 40 zuwa 50, a buntun shinkafa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Babu wani sinadari irinsa da halittu ke samarwa da ya kai shi yawa a doron ƙasa.

Abin lura shi ne, selulos ba ya barin lantarki ya ratsa shi. Dalili ke nan da ya sa har yau ake naɗe wayoyin da ke cikin taransifoma da takarda mai kauri da aka jiƙa da mai, domin kada su haɗu su yi tartsatsi.

Wato dai masu binciken na neman su sa takarda ta yi kishiyar aikin da aka san ta da shi.

Abin da ya ja hankalinsu ga selulos shi ne rashin nauyi, da lanƙwasuwa, da kuma ƙananan ramuka masu ɗimbin yawa da ke jikin zaren. Haka zalika, a fatar zaren akwai wasu gurabe da ke kama ƙwayoyin ƙarfe su riƙe, kamar yadda ƙarangiya ke kama tufafi.

Tsatsa iri-iri ce

Idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin yakan haifar da sinadarai daban-daban, kuma ba halinsu ɗaya ba.

Akwai hematayit, mai launin ja, wanda ke cikin marmara da jar ƙasa. Wannan kusan ba ya ɗaukar lantarki. Akwai kuma maganatayit, baƙi ƙirin, wanda maganaɗisu ke ja, kuma shi ne abin nema a wannan bincike. Dukkan nau'o'in biyu ana samunsu a tamar Itakpe da ke jihar Kogi, wadda aka tanada domin kamfanin mulmula ƙarafa na Ajaokuta.

Sirrin maganatayit shi ne yana ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe iri biyu a jere, ɗaya ta fi ɗaya da ƙwayar ilektoron guda. Wannan rarar ilektoron takan yi tsalle daga ƙwaya zuwa maƙwabciyarta, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu zuwa hannu wajen kashe gobara. Tsallen nan shi ne tafiyar lantarki.

A shekarar 1939 wani masani ɗan ƙasar Holan, Evert Verwey, ya gano cewa idan aka sanyaya maganatayit zuwa kusan digiri 150 ƙasa da sifili, miƙa bokitin kan tsaya cak, ƙarfin ɗaukar lantarkinsa ya faɗi kusan ninki ɗari. Ko sanyin hunturu mafi tsanani bai kusa kai nan ba, don haka wannan ba damuwar mutanen Kano ba ce.

Damuwar ita ce, duk da wannan baiwa, tagullar da ke cikin wayar lantarki ta fi maganatayit ɗaukar wuta da ninki dubu ko fiye.

Daga kaset zuwa batir

Auren takarda da tsatsa ya girmi yawancin masu bincike a kansa a yau.

A shekarar 1928 wani injiniya a birnin Dresden na Jamus, Fritz Pfleumer, ya yi rajistar wata ƙirƙira tasa: siririyar takarda da ya shafa wa garin ƙarfe da gam, wadda ke iya ɗaukar murya. Kamfanonin AEG da BASF suka karɓi tunanin, suka maye gurbin takardar da wata leda da ake yi daga selulos, aka nuna na'urar a Berlin a shekarar 1935.

Jikan wannan ƙirƙira shi ne kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, wanda ya yaɗa waƙoƙin Mamman Shata da tafsirin malamai a kasuwanni da tashoshin mota na ƙasar Hausa. Launin ƙasa-ƙasa da ke jikin zaren kaset tsatsar ƙarfe ce, ko da yake a lokacin an riga an koma amfani da ledar roba.

Amma kaset maganaɗisu kawai yake buƙata, ba ya buƙatar lantarki ya bi ta cikin zaren.

A farkon shekarun 1990, Robert Marchessault da abokan aikinsa a jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa ba sai an shafa garin a saman takarda ba, ana iya shuka shi a cikin zaren kansa. A shekarar 2010 kuma masu bincike a cibiyar fasaha ta KTH da ke Stockholm suka wallafa yadda suka yi wani soso mara nauyi daga selulos, wanda ke lanƙwasuwa idan aka kusanto masa da maganaɗisu, idan kuma aka danne shi ya zama takarda mai tauri.

Yadda ake haɗin

Hanyar da aka fi bi ta samo asali ne daga aikin wani masani a birnin Paris, René Massart, a shekarar 1981.

Da farko ana dafa kara ko buntu ko ciyawa da ruwan soda, irin wadda masu sabulu ke amfani da ita, domin a narkar da ƙaron da ya manne zaren. Sai a wanke, a samu ɓargon selulos.

Daga nan a jiƙa shi a ruwan da aka narkar da gishirin ƙarfe iri biyu, kashi ɗaya na wannan, kashi biyu na wancan. Bayan zaren ya sha, sai a zuba amoniya ko soda. Nan take ruwan yakan rikiɗe ya yi baƙi, alamar cewa maganatayit ya tsiro a cikin ramukan zaren. Ƙwayoyin ƙanana ne matuƙa, kimanin nanomita 10, wato kaurin gashin kai guda ya ninka kowace ɗaya sau dubbai.

Dukawa da majema a Kano sun daɗe da sanin wani ɓangare na wannan lamari. Baƙin rinin fata da suke kira kuloko daga ruwan ƙarfe ake haɗa shi, kuma idan ya sauka a kan fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta yi baƙi. Sinadaran ba iri ɗaya ba ne da na maganatayit, amma dabarar shigar da ƙarfe cikin zare ta hanyar ruwa tsohuwa ce.

A nan ne matsalar farko ke tasowa. Takardar da aka samu maganaɗisu na janta sosai, amma lantarkin da ke bi ta cikinta ɗan kaɗan ne.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin maganatayit na zaune ne a warwatse, selulos ya raba tsakaninsu. Misalinsu kamar duwatsun da aka jera a rafi domin tsallakawa: muddin akwai wawakeken giɓi ko da a wuri guda ne, ba mai ƙetarewa. Sai an yi ta ƙara yawansu har sun taɓa juna daga gaɓa zuwa gaɓa kafin wuta ta samu hanya. Idan kuwa aka cika su da yawa, takardar sai ta yi nauyi ta dinga karyewa, an rasa amfanin da ya sa aka zaɓi selulos tun farko.

Shi ya sa galibin kayan da ke aiki da gaske suna ɗauke da abu na uku.

Wasu kan lulluɓe zaren da roba mai ɗaukar lantarki, irin wadda gano ta ya sa aka ba Alan Heeger da Alan MacDiarmid da Hideki Shirakawa kyautar Nobel a shekarar 2000. Ta haka ne masu bincike a jami'ar Uppsala ta Suwidin suka yi wani batir a 2009 daga selulos ɗin gansakukar teku da ruwan gishiri, wanda ke cika da caji cikin daƙiƙoƙi. Gishirin ƙarfe suka yi amfani da shi wajen ɗora robar a kan zaren.

Wasu kuma kan yi amfani da tawadar kabon. A wannan shekara ta 2009, Yi Cui da tawagarsa a jami'ar Stanford ta Amurka sun shafa irin wannan tawada a kan takardar ofis, ta koma mai ɗaukar lantarki.

Aikin wuta

Hanya ta uku ita ce mafi kusa da abin da aka sani a karkara, domin kuwa 'yar'uwar ƙona gawayi ce.

Idan aka gasa selulos a tukunyar da iska ba ta shiga, ba ya zama toka. Ruwa da hayaƙi sukan fice, a bar kabon zalla mai riƙe da siffar zaren. Gawayin girki da aka ƙona a ƙaramin zafi ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma da zarar zafin ya haura digiri 700 ko 800 sai hali ya canja.

Thomas Edison ya ci moriyar haka a shekarar 1879, lokacin da ƙonannen zaren auduga ya ba da haske a ƙwan fitilarsa na fiye da sa'o'i 13. Daga baya ya koma ga gorar Japan, wadda ta fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Rawar da ƙarfe ke takawa a nan ta fi ban sha'awa. A shekarar 2015, Zoe Schnepp da abokan aikinta a jami'ar Birmingham ta Ingila suka jiƙa garin katako da ruwan gishirin ƙarfe, suka gasa shi a digiri 800. Gishirin ya fara zama tsatsa, tsatsar ta rikiɗe ta zama ƙananan dunƙulen ƙarfe da kabon, su kuma suka dinga kutsawa cikin gawayin kamar gara a itace, suna barin bututun garafayit a bayansu.

Garafayit shi ne baƙin da ke cikin fensir, kuma shi ne ke ɓangare guda na batirin kowace wayar salula. A masana'anta, yin sa na buƙatar zafin da ya haura digiri 2,500. Samun wani abu mai kama da shi a digiri 800, daga dusar katako, ba ƙaramin rangwame ba ne.

Batun ya ƙara muhimmanci ne ganin cewa ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawan garafayit ɗin da ake sa wa batura, kuma a watan Disamba na 2023 ta fara taƙaita fitar da wasu nau'o'insa sai da izini.

Maganatayit shi kansa yana iya ajiye caji. A lissafi, giram ɗaya nasa na riƙe fiye da ninki biyu na abin da giram ɗaya na garafayit ke riƙewa, wato 926 a kan 372 bisa ma'aunin da masana ke amfani da shi. Illarsa ita ce yana kumbura yana motsewa a duk lokacin da aka yi caji aka sauke, har ya farfashe. Saƙar kabon da aka samu daga selulos takan zame masa raga, ta riƙe shi ta kuma kai masa wuta.

Ina ruwan Wudil?

Alaƙar wannan yanki da ƙarfe ta girmi birnin Kano. Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, maƙwabciyar Wudil ta gabas, suka je dutsen Dala neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Binciken da aka yi a kan ragowar matoyar tama a gindin dutsen ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajajen ƙarni na 7.

A yau garin na da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda gwamnatin jihar Kano ta buɗe a shekarar 2001, aka kuma sauya mata suna a 2022. Ana koyar da kimiyyar sinadarai da aikin injiniya da aikin gona a cikinta, wato fannonin da irin wannan bincike ke buƙata.

Batun kayan aiki kuwa, kogi ne ke ba da amsa.

Kogin Kano da na Challawa sukan haɗu ne kafin Wudil, daga nan ruwan ya nufi Haɗeja. Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin da a da yakan cika da damina ya ja baya da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara. Wannan yanayi ya yi wa kachala daɗi. Ta mamaye dubban kadada a fadamar Haɗeja zuwa Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta da manoma sakat, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

An yi ta gwada hanyoyin mayar da ita abin amfani. Wani shiri da Bankin Duniya ya tallafa, wanda Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta shiga ciki, ya gwada yin iskar gas ta girki da abincin dabbobi da ita. Kachala na da selulos mai yawa, kuma ba wanda zai yi kuka idan aka sare ta.

Ba haka abin yake ba ga karan dawa. Wanda bai san karkara ba ne kawai ke kiransa shara. Da shi ake danga da rumfa, da shi ake girki, dabbobi kuma na cin ganyensa da rani, a yankin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na arewacin Najeriya, wadda ke ci kowace Juma'a. Duk masana'antar da za ta dogara da kara sai ta yi gogayya da makiyayi da matar gida.

Buntun shinkafa ya fi samuwa. A kowane buhu mai kilo 100 na shanshera, kusan kilo 20 buntu ne, kuma yana taruwa a wuri guda, a injinan casa na Kura da Kano da kewaye. Sai dai yana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa, wanda ba ya ɗaukar lantarki, kuma sai an kashe kuɗi an cire shi.

Idan aka auna, abin da ya fi kusa da hannu ga wuri kamar Wudil ba batirin waya ba ne, tace ruwa ne.

Masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna sakin ruwan da ke ɗauke da sinadarin kuromiyom, kuma bincike daban-daban na jami'o'in Najeriya ya gano shi a kogin Challawa, wanda ruwansa ke gangarowa ta Wudil. Tsatsar ƙarfe na da halin kama irin waɗannan guba. A shekarar 2006 masu bincike a jami'ar Rice ta Amurka, ƙarƙashin Vicki Colvin, sun nuna cewa ƙananan ƙwayoyin maganatayit na tsotse gubar asanik daga ruwa, sannan a kwashe su da ɗan ƙaramin maganaɗisu.

Gawayin kachala ko na buntu da aka shuka wa maganatayit na iya yin makamancin wannan aiki. A zuba shi a ruwa, ya kama gubar, a janye shi da maganaɗisu ba tare da matata mai tsada ba. A wannan amfani ba a buƙatar ya yi gogayya da tagulla.

Abin da ke hana ruwa gudu

Selulos na son ruwa. Takardar da ta yi aiki daidai a busasshiyar iskar watan Janairu za ta iya kumbura ta canja hali a laimar watan Agusta. Masu ƙera na'urorin auna laima na amfana da wannan, amma ga mai batir matsala ce.

Ƙananan ƙwayoyin maganatayit kuma sukan ci gaba da shan iska sannu a hankali, su rikiɗe zuwa wani nau'in tsatsa mai launin ƙasa, wanda maganaɗisu ke ja amma ba ya ɗaukar lantarki. Dole a rufe su da wani abu.

Akwai kuma batun wuta. Riƙe tanderu a digiri 800 na sa'o'i, ba tare da iska ta shiga ba, na buƙatar lantarkin da ba ya yankewa ko kuma gas. Sodar da ake dafa zaren da ita na barin gurɓataccen ruwa. Gawayin da ya tsotsi guba shi ma ya zama guba, sai an san inda za a kai shi.

Bugu da ƙari, Najeriya ba ta da ƙaƙƙarfar masana'antar sarrafa ɓargon itace da za a ɗora sabon aikin a kanta. Manyan kamfanonin takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe a shekarun 1990, kuma akasarin takardar da ake amfani da ita a ƙasar daga waje ake shigo da ita.

Ko a ƙasashen da suka ci gaba, yawancin waɗannan kayayyaki ba su bar ɗakin gwaji ba. Batirin takarda da cibiyar Empa ta Suwizalan ta nuna a 2022, wanda ɗigon ruwa ke tayarwa, ƙarfinsa bai wuce ya kunna ƙaramin agogo ba, kuma an yi shi ne domin na'urorin da ake amfani da su sau ɗaya a yar.

Abin da ke ingiza binciken dai shi ne tulin shara. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tsofaffin kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sake sarrafawa ta hanyar da ta dace.